Dutsen Taimamar Inna

Tsufa zai iya kwashe min sunayen yaran da na koyar kaf, ya haɗa da hanyar gidan wasu 'yan uwa, amma akwai wasu 'yan kwanaki a rayuwata da na tabbata ba zai taɓa su ba. Su ne kwanakin da wani dutse da na tsinto da hannuna ya kusa raba mahaifiyata da kwanciyar hankali a ƙarshen rayuwarta. Har yau in na ga tsohuwa ta ɗora tafukanta a kan dutse za ta yi taimama, sai abin ya dawo min sabo fil.

Ni tun ina yarinya Allah ya jarabce ni da son duwatsu. Wanda aka haifa a Damagaram bai kamata dutse ya burge shi ba, tunda duk inda ka juya a tsohuwar unguwar Birni ga su nan jibga-jibga, wasu gidajen ma a jikinsu suke jingine. Amma ni manyan ba su dame ni ba. Ƙananan nake bi, masu sulɓi, masu ƙyalli, masu wata kama da ban taɓa gani ba. Sauran yara su tsinci na 'yar carafke su watsar in an gama wasa, ni kuwa in ƙulle nawa a gefen zane in kai gida. Inna, wato mahaifiyata, ta sha zazzage su a bayan gida tana cewa wata rana sai na tsinto mata kunama. Na girma, na yi aure, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, halin bai bar ni ba.

A shekarun da nake ba da labarinsu an tura ni koyarwa wani ƙauye a wajen Dogo. Can nake kwana ranakun aiki, ƙarshen mako in hau mota in dawo Damagaram. Bayan garin akwai wani kwazazzabo da ruwan damina yake ƙara yagewa duk shekara. In an tashi daga lakwal da yamma, sai in ɗauki 'yar jakata in bi cikinsa ina dube-dube. Mutanen garin tun suna mamaki har suka saba. In na wuce sai in ji mata suna cewa, "Madam ta tafi kiwon duwatsunta."

A lokacin Inna tana kwance. Ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ƙashin kuma bai koma daidai ba, daga gado sai tabarma, sai in an ɗaga ta. Kamar hakan bai isa ba, wani ciwon fata ya fito mata a hannuwa da ƙafafu, da ruwa ya taɓa wurin sai ya tsage ya yi jini. Likita ya hana ta yawan taɓa ruwa, limamin unguwarmu kuma ya ce ta riƙa taimama, Allah ya yi mata sauƙi. To sai dai bangon ɗakinta siminti ne da fenti, ba a taimama da shi. Muka riƙa zuba mata yashi a faranti muna ajiyewa kusa da ita. Farantin nan ya ba mu wahala. Yau ya kife a kan shimfiɗa, gobe kaza ta shiga ta yi birgima a ciki, Inna kuwa mace ce mai tsantseni, da ta ga sawun kaza ba za ta ƙara taɓa yashin ba sai an sake wani.

Wata yamma bayan an yi ruwa mai ƙarfi na shiga kwazazzabon na ga wani dutse ya leƙo daga cikin yashi. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, kaurinsa ya kai na taɓarya, gefe ɗaya kuma ya yi ƙulluwa. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, ruwa ya goge shi ya yi sumul. Da na ɗaga sai na ji nauyinsa ya fi girmansa. Nan take na ce wannan na Inna ne. Na wanke shi tas, na shanya, na kai mata ranar Asabar. Ta juya shi a cinyarta, ta shafa, ta ce, "Yau dai haukan naki ya yi rana." Daga bakin Inna wannan babban yabo ne. Tun daga ranar dutsen ya zauna a gefen matashinta, aka huta da faranti. Ya shekara har da ɗoriya a wurin, hannunta ya sa ya ƙara baƙi da sheƙi.

Sai ɗana na fari ya dawo hutu, ni ma ina gida ana hutun damina. Ba zan faɗi sunansa ba, dama can ban saba faɗa ba, kunyar ɗan fari ba ta bar ni ba ko da na yi boko. Inna ce ta yaye shi ta riƙe shi, shi ya sa ita yake kira Inna, ni kuma Yaya. Ya gaji son duwatsu daga wurina, amma shi ya kai abin gaba, don ilimin duwatsu yake karanta a jami'a a Yamai. Kullum da 'yar guduma a jakarsa, da wani ɗan gilashin ƙara girma da yake ratayawa a wuya kamar laya. Tsakaninsa da Inna kuwa wasan jika da kaka ne na ƙin ƙarawa. Ita ta kira shi maigida, ta ce ya tafi ya bar ta ba cefane. Shi ya ce ya fasa auren, ya gano amaryar ba ta da haƙori ko ɗaya. In suka fara, sai mu koma gefe mu sha dariya.

Ranar da ya iso, yana zaune a bakin gadonta suna wannan tsokanar, idonsa ya faɗa kan dutsen. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗauka, ya juya, ya auna nauyinsa a hannu, ya shafa ƙulluwar nan ta gefe. Ya ce, "Yaya, ina kika samo wannan?" Na gaya masa. Ya ce a arewa, wajen Agadas, ana tono ƙasusuwan wasu manyan dabbobi na zamanin da, kuma wannan ya yi kama da ƙashin ƙafar irinsu. Murna ta cika shi, irin ta ɗalibin da ya ga abin da ya karanta a littafi ya fito fili. Sai ya juya wajen kakarsa yana dariya.

"Tsohuwa, ashe da ƙashin mushe kike taimama? Lalle sai kin sake lale!"

Inna ta yi dariya, ta kai masa dukan wasa da mafici. "Tafi can, maigidan banza. Ka zo hannu rabbana, sai baƙar magana." Muka yi dariya gaba ɗaya, aka kawo abinci, zance ya koma wani wuri. Wallahi ban ɗauki maganar a bakin komai ba, shi ma haka. A tsakanin jika da kaka an faɗi abin da ya fi wannan.

Da la'asar ta yi sai Inna ta kira ƙanwata ta ce a zubo mata yashi a faranti. Na leƙa ɗakin na ga ta tura dutsen can ƙarshen gado da bakin sanda, ba ta ko taɓa shi da hannu ba. Da ta idar da la'asar ba ta ɗauki carbi ba kamar yadda ta saba, sai ta sake buga yashi ta tayar da wata sallar. Ta sallame, ta sake tayar da wata. Na jira ta sallame na ce, "Inna, lafiya?" Ba ta dube ni ba ta ce, "Yaushe kika kawo min abin nan?" Na ce bara da damina, kafin a yanke gero. Ta ƙirga tana motsa leɓe, sannan ta ce, "Da yawa. To, Allah ya ba ni kwanakin da zan rama."

A nan na gane abin da ya faru. Inna ta yanke wa kanta hukunci cewa duk sallar da ta yi da dutsen nan ba ta yi ba, tunda ba a taimama da ƙashi, balle na mushe. Ta ɗauki niyyar rama sallar shekara guda da wani abu, tana kwance, da ƙugun da ko juyi ba ta iya yi sai da taimako.

Na yi lallashin duniya. Na ce wasa yake yi. Ta ce ta ga idonsa lokacin da ya ɗauki dutsen, ita ta raine shi, ta san wasansa ta san gaskiyarsa. Shi ma ya zo ya durƙusa ya ce bai tabbatar ba, zato ne kawai, kuma ko da ƙashin ne ai ya daɗe da zama dutse. Ta ce, "Ƙashi ƙashi ne, maigida. Tashi ka ba ni wuri, lokaci nake nema." Na ce to bari a kira liman a tambaye shi. Nan ne ta ɗaga murya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce in na kuskura na kai maganar waje ba ta yafe ba. Tsohuwa kamarta, wadda ta je Makka ta dawo, a ji a unguwa cewa ta shekara tana shafa mushe a fuska tana tsayawa gaban Ubangiji?

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Daga asuba har rana ta faɗi Inna tana cikin salla, in ka cire ɗan abin da gajiya ta kayar da ita. Kunu ya huce a gefenta, fura ta tsinke, in ka yi magana ta ɗaga maka hannu. Yashi ya cinye mata tafukan da dama ciwo ne a jikinsu. Wata safiya ina gyara mata shimfiɗa ta riƙe hannuna, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "In na mutu ban gama ba fa? Na kwanta na zame muku kaya, sallar da nake ganin ita kaɗai ta rage min, ashe ita ma babu." Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata.

Da kukan ya wuce sai fushi ya zo, ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba. Amma ta yaya zan tsaya gaban ɗan fari in zazzage masa? Sai na tsaya kusa da inda yake zaune na kama yi wa kaji faɗa. Na ce wasu dai an kai su makaranta sun koyo sunan kowane dutse, ba su koyo inda ake ajiye magana ba. Kajin suka ci gaba da tonon su. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, can ya ce a hankali, "Yaya, ki kai ni inda kika tsince shi. Dutse ba ya zuwa shi kaɗai, in akwai ɗaya akwai 'yan uwansa. Na Inna, hannu ya goge shi, ba na ganin komai a jikinsa. In na samu wanda ya karye sabo, zan san ko mene ne."

Washegari da sassafe muka hau babur ɗin ƙanena muka kama hanyar Dogo. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Muka ajiye babur a lakwal muka gangara kwazazzabon a ƙafa.

Abin da ya ba ni haushi, kuma ya ba ni dariya daga baya, shi ne duk da nauyin da ke zuciyarmu, da muka shiga cikin duwatsu sai hali ya motsa. Na nuna masa wasu dunƙulallu baƙaƙe da na daɗe ina zaton ƙwan wata dabba ne ya daskare. Ya fasa ɗaya da guduma, sai ga yashi ja a ciki. Ya ce ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ya taru ya dunƙule, ba ƙwai ba ne, ba a taɓa yin rai a cikinsa ba. Na ɗauko wani mai ramuka-ramuka mai ƙyalli na ce wannan fa, na ji ana cewa daga sama irinsu suke faɗowa. Ya duba da gilashinsa ya ce kashin maƙera ne, wato dattin da ke saura in an narka tama, alamar an taɓa yin maƙera a wurin tun kafin kakanninmu. Duk abin da na ɗauka da girma sai ya sauke min shi ƙasa. Na ce a raina, Allah ya sa na Inna ma haka zai sauke shi.

Muka kai inda na tsinci dutsen, ba komai sai yashi. Ya ce ruwa ne ya gangaro da shi, mu bi sama. Muna cikin tafiya wani dattijo da ke da gona a bakin kwazazzabon, wanda na koyar da jikokinsa, ya hango mu ya sauko. Bayan gaisuwa ya ce, "Madam, yau kiwon da rakiya?" Na kwatanta masa irin dutsen da muke nema. Ya ce, "Af, itacen dutse? Ku zo ku gani, ruwan bana ya tone wani babba." Ya ce shekarun baya matarsa ta taɓa hango guntun irinsa ta ɗauka makamashi ne, ta sunkuya za ta ɗora a kai, ta kusa barin bayanta a wurin.

Ya kai mu wata kwana inda ruwa ya yanke gaɓa. A jikin gaɓar, rabi a waje rabi a cikin ƙasa, ga wani gungume kwance, ya fi tsayin mutum. Ya karye gunduwa-gunduwa kamar an sassare shi za a kai kasuwa. Ga ɓawo, ga gurbin reshe, ga layin nan da ke bin tsawon itace. In ba ka taɓa ba za ka rantse gatari zai shige shi. Na ɗora hannu na ji sanyin dutse. Na daɗe ina yawo a wurin nan, ban taɓa ganin abin da ya sa tsigar jikina ta tashi irin wannan ba.

Ɗana ya durƙusa ya ɓalli ɗan guntu da guduma, ya duba da gilashi, ya miƙo min. Ya ce in duba bakin karayar. Na ga layi-layi a jere, da wasu 'yan ɗigo kamar na bakin rake in an yanka. Ya ce waɗannan hanyoyin da ruwa yake bi ne a jikin itace lokacin yana raye. Ƙashi kuwa, in ka karya shi, cikinsa kamar soso yake, kuma in ka ɗora harshe yakan ɗan kama. Ya lasa guntun, bai kama ba. Dattijon nan ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Madam, a Yamai ɗin haka ake koya musu?" Muka tsinci gunduwa biyu masu launin na Inna muka sa a jaka.

A hanyar dawowa na ce, "To shi ke nan, ba ƙashi ba ne." Ya ce, "Waɗannan ba ƙashi ba ne, Yaya. Nata sai na fasa na gani. Ba zan sake gaya mata abin da ban tabbatar ba." A ranar na fara ganinsa a matsayin babban mutum.

Mun iso bayan azahar. Inna tana jingine, ta rame a 'yan kwanakin nan har idonta ya faɗa. Ya zauna a ƙasa gabanta, ba tsokana, ya jera mata gunduwoyin a kan tabarma. Ya nuna mata ɓawon, ya nuna mata gurbin reshe. Ya ce, "Inna, ina neman izini in ɓalli bakin naki. In cikinsa soso ne, ƙashi ne, zan faɗa miki gaskiya. In irin wannan ne, to itace ne." Ta dube shi ta ce, "Fasa."

Ya ɗora shi a kan dokin ƙofa ya buga gefen ƙulluwar. Bugun farko gudumar ta yi tsalle. A na biyu ɗan guntu ya fita. Ni dai na kasa matsawa kusa, ina tsaye riƙe da labule ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya duba da gilashi, ya daɗe, sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya wa Inna, ya riƙe mata dutsen a saitin haske. Ta runtse ido ɗaya ta leƙa. Ya ɗora mata na kwazazzabo kusa da shi ta sake leƙawa. Layin iri ɗaya ne, ɗigon iri ɗaya. Ƙulluwar da ya ɗauka gaɓar ƙashi ce, ashe gindin reshe ne ruwa ya goge.

Na saki ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi. Amma Inna ba a gama da ita da wuri. Ta cire gilashin ta ce, "To na ji, ba mushe ba ne. Itacen ma ai ba a taimama da shi."

Wannan karon ya shirya. Ya aiki ƙanwata ta aro magagari a wurin mai gyaran babur na ƙofar gida, ya saki labule ɗakin ya yi duhu, ya ƙyasta bakin dutsen da bayan ƙarfen. Tartsatsi ya fito. Ya sake, ya sake fitowa. Inna ta ɗan ɗago daga matashi. Ta ce haka mahaifinta yake kunna wuta da ƙyastu da ƙanƙara, tun ashana ba ta yawaita ba. Sannan ya jawo murhun shayi, ya tura guntun da ya ɓalla tsakiyar garwashi, ya yi ta fifita. Muka zauna muna kallo har gawayin ya zama toka. Ya zaro shi da cokali ya ajiye. Ko hayaƙi bai yi ba, ko ƙauri, yadda ya shiga haka ya fito. Da ya huce Inna ta ɗauka da hannunta, karo na farko tun ranar da abin ya faru. Ta ce, "Yanzu ku kira Malam."

Liman ya zo bayan la'asar, dattijo ne mai sanyin magana. Aka ba shi labari tun daga farko, ya juya dutsen, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya tambayi ɗana ko akwai sauran itace a ciki ko kaɗan. Ya ce babu. Liman ya ce, "Hajiya, wannan dutse ne, daga ƙasa ya fito, hukuncinsa na ƙasa ne. Abin da ya taɓa zama a da, wannan ikon Allah ne, ba ruwan taimamarki da shi. Sallarki ta yi. Ba ki da ramuwar ko raka'a ɗaya." Sannan ya ƙara da ɗan murmushi cewa da ta aiko tun ranar farko da ba ta sha wannan wahala ba. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne.

Bayan liman ya tafi ta sha kunu kofi guda cur, ta nemi ƙari. Sai ta dubi jikanta ta ce, "Maigida, zo nan. Yaya aka yi itace ya zama dutse?" Da na ji ta ce maigida na san Inna ta dawo. Ya matso ya gaya mata da sauƙi. Ya ce a wani zamani mai nisan gaske wurin nan kogi ne da manyan itatuwa. Wannan ya faɗi, yashi ya rufe shi da wuri, gara ba ta kai gare shi ba, iska ba ta taɓa shi ba. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya riƙa shiga jikinsa da ɗan abin dutse a narke, yana ɗauke ƙwayar itace yana ajiye ta dutse a gurbinta, kaɗan-kaɗan, har ba abin da ya rage sai kamanninsa. Ta ce shekara nawa? Ya ce miliyoyi. Ta ce Allah ne dai ya san adadinsu.

Ta riƙa shafa dutsen a cinyarta. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe shi ma faɗuwa ya yi ya kasa tashi. Yana kwance ba ya tsinana wa kowa komai, Allah kuma bai bar shi ya ruɓe ba, yana ta aiki a kansa." Ɗana ya juya fuska yana goge ido da hannun riga, ni kuma na fita wai zan duba tukunya. Da magariba ta yi na ji ƙarar tafukanta a kan dutsen, ta yi sallarta guda ɗaya, ta ɗauki carbi.

Inna ta ƙara 'yan shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ban sake jin ta kira kanta kaya ba. Wasanta da jikanta ya ci gaba har ƙarshe, haƙora da cefane da komai, amma bai ƙara kai tsokana kusa da sallarta ba.

Abin da na koya a kwanakin nan shi ne, kowane tsoho yana da abu ɗaya da ya jingina rayuwarsa a kai bayan ƙarfi ya tafi. Ka yi masa wasa da komai zai yi dariya, amma kafin ka taɓa wannan abin, ko da wasa, ko da ilimi, ka tabbatar da abin da kake faɗa. In kuwa shakka ta riga ta shiga zuciyar mutum, "ba komai" da "wasa nake" ba sa fitar da ita. Na yi kwanaki ina lallashin Inna da baki, ko gezau ba ta yi ba. Sai da wanda ya jefa mata shakkar ya tashi ya taka har inda abin ya fito, ya kawo mata gaskiyar da za ta gani da idonta ta taɓa da hannunta, sannan ta samu barci.